Likita, an ce ina da ciwon hanta amma ni garau nake

Tambaya: Salam likita, daga Kumo nake. Na je ba ƙanina jini a asibiti sai aka ƙi ɗiba wai ina da ciwon hanta nau'in B. Ni kuma wallahi ko zazzaɓi ba na yi, yini nake a gona. Anya injinsu bai yi kuskure ba?

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ya ba ƙanin naka lafiya. Ka sake gwajin ba laifi, amma gaskiya ƙarfin da kake ji ba shaida ba ne. Haka ciwon nan yake, mutum sai ya shekara 20 ko 30 da ƙwayar cutar bai sani ba, don ita hanta akwai haƙuri, ko wani ɓangare ya lalace sauran na ci gaba da aiki, sai abu ya yi nisa sannan ka ga ido ya yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ta haye. To lokacin nan muke gudu.

Kuma don Allah kar ka fara zargin iyalinka. Yawancin mutanenmu tun suna jarirai ko yara suka ɗauka, wajen haihuwa ko askar wanzami ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya da ita. Jariri in ya kamu, kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi a jikinsa, babba kuwa galibi jikinsa na korar ta. Ba a ɗauka ta musabaha ko cin tuwo kwano ɗaya, abin na damuna in ga an ware wa mutum kofi da cokali a gidansa.

Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, a duba yawan ƙwayar a jini da lafiyar hantar, a yi maka sikanin. Ba kowa ake ɗora wa magani ba, wani bibiya kawai ake yi duk wata 6 ko shekara, wani kuma a ba shi tenofovir ƙwaya ɗaya kullum, danne cutar take yi, ba a dainawa sai da izinin likita. Jiƙe-jiƙen masu lasifika ran kasuwa kam ka bar su, wasu hantar suke ƙara wahalarwa, haka ma gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna.

Maiɗakinka da yara duk a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura 3 cikin wata 6. In an yi muku haihuwa kuma, a yi wa jaririn tasa cikin awa 24, kar a jira sai bayan suna.