An cire mini kaluluwar hammata: in ajiye hannun ko in ci gaba da aiki da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni mace ce 'yar shekara 43, ina zaune a Argungu. Wata biyu ke nan da aka yi mini aikin kansar mama, aka cire maman dama haɗe da kaluluwar hammata. Yanzu ina karɓar ruwan kemo, wato maganin kansa da ake ƙarawa ta jijiya, duk bayan mako uku, an ce idan na gama za a tura ni Sakkwato a yi mini gashi, wato ƙona ragowar kansar da hasken na'ura. Wata da muka kwanta ɗaki ɗaya ta ce hannun yayarta ya kumbura kamar turmi bayan irin wannan aiki. Tun da uwar mijina ta ji haka ta hana ni taɓa ko tsintsiya, hannun yana rataye a gyale. Ga yara, ga sana'ata ta gumin shinkafa ta tsaya. Yanzu kafaɗar ta yi tauri, ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa. Zaman ne daidai ko motsin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ki sauke hannun nan daga gyale yau, idan dai ɗinkin ya warke kuma an cire robar da ke fitar da ruwa, wanda a wata biyu nake kyautata zaton an yi. Kada ki ga laifin Inna. Ƙauna ce ta sa ta, kuma shekara ashirin da suka wuce mu ma ma'aikatan asibiti abin da muke faɗa wa mata ke nan: kada ki ɗauki abu mai nauyi da wannan hannu har abada. Daga baya aka gano cewa shawarar tana ɓata fiye da yadda take gyarawa.

Abin da ya sami yayar waccan baiwar Allah shi ake kira limfedima. Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki da ke kwashe wani ruwa garai-garai da ke tsattsafowa daga jini zuwa cikin tsoka da fata, su kai shi wajen gindin wuya ya koma cikin jini. A kan hanyar akwai 'yan matatai, su ne kaluluwa, irin wadda ke tasowa a matsematsi idan ƙaya ta soki ƙafa ta yi ruwa. A hammata ɗaya akwai kimanin 20 zuwa 40. Ta nan kansar mama ta fi fara bi idan za ta yaɗu, shi ya sa likitan fiɗa ya ɗebe wasu. Ke mutuniyar fadama ce, kin san abin da ke faruwa idan babbar magudana ta toshe: ruwa ya nemi ƙananan hanyoyi, idan suka iya da shi shi ke nan, idan ya fi ƙarfinsu ya kwanta. Haka hannun yake yanzu. Tundurmi da kika sani a ƙauyuka ma kwanciyar wannan ruwa ce, sai dai shi tsutsa ce da sauro ke sa wa mutum ke toshe hanyoyin. Naki ba ya yaɗuwa, ba kuma sammu ba ne.

To ga inda zancen gyale ya rushe. Jini yana da zuciya mai tura shi. Wannan ruwa ba shi da zuciya tasa. Hanyoyinsa suna ɗan matsewa da kansu, amma babban abin da ke taimaka masa hawa shi ne motsin tsoka da numfashi. Hannun da aka rataye wata biyu an kashe masa famfo, an bar tsokarsa ta zube, ga kafaɗa ta ƙage. Ranar da larura ta zo, yaro ya faɗi kika sunkuce shi ko baƙi suka zo kika ɗaga tukunya, wannan raunannen hannu ne zai ɗauki nauyin da bai saba ba, kuma a irin wannan rana kumburi ya fi tashi.

Kuma ba kowace ke samunsa ba. Cikin matan da aka ɗebe musu kaluluwa da yawa, kusan mace 1 cikin 5 ce hannunta ke kumbura. Waɗanda aka cire musu ƙwaya ɗaya ko biyu don gwaji kawai, kusan 1 cikin 20. Gashin na'ura da ake yi wa hammata yana ƙara haɗarin, haka ƙiba mai yawa, haka kamuwar fata da ƙwayoyin cuta. Yawanci yana bayyana a shekara biyu zuwa uku na farko, ko da yake yana iya zuwa daga baya. Ki tambayi likitanki ƙwaya nawa aka cire, yana rubuce a sakamakon gwajin naman.

Wadda ta fi kowa sauya mana tunani a kan wannan ita ce Farfesa Kathryn Schmitz, lokacin tana Jami'ar Fensilbaniya a Amurka. A 2009 ta fitar da sakamakon bincike a kan mata 141 da hannunsu ya riga ya kumbura. Rabi aka sa su ɗaga ƙarfe sau biyu a mako tsawon shekara, suna sanye da safar matse hannu, ana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Rabi aka bar su yadda suke. Cikin masu ɗaga ƙarfen kashi 14 cikin 100 ne kumburin ya tasar musu, cikin waɗanda aka bari kashi 29. A 2010 ta fitar da na matan da ba su kumbura ba tukuna, irinki. Cikin waɗanda aka cire musu kaluluwa biyar ko fiye, kashi 7 na masu ɗagawa ne suka kumbura, na marasa ɗagawa kashi 22. Matan nan sun riga sun gama magani, ke kuwa kina tsakiyarsa, don haka tafiyarki za ta fi tasu sanyi. Amma hanyar ɗaya ce, kuma sirrinta yana cikin "kaɗan-kaɗan" ɗin nan.

Kafaɗa za mu fara saki. Ki tsaya gaban bango, ki ɗora tafin hannu biyu, ki sa yatsu su riƙa hawa har inda kika ji ja, ki tsaya ki ja numfashi biyar, ki sauko. Ki sa alama da gawayi a inda kika kai, bayan mako ki duba. Ki kwanta rigingine ki riƙe muciya da hannu biyu, lafiyayyen ya ja ɗan'uwansa zuwa saman kai. Ki juya kafaɗu baya, ki dunƙule hannu ki buɗe. Kowanne sau goma, sau biyu ko uku a yini. Bayan Asuba da bayan La'asar sun fi sauƙin riƙewa. Ja da ɗan tsami ba komai, zafi mai suka shi ne alamar ki rage. Idan kin ji kamar wata igiya ta miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu, abu ne sananne bayan wannan aiki, miƙewa a hankali ke sakinta, amma ki nuna wa likitan gashin ƙashi. Wannan sakin kafaɗa yana da wani dalili na gaggawa: a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kamar ko'ina, kwanciyar gashin mama da hannu a ɗage sama da kai ake yinta. Kafaɗar da ba ta ɗaguwa tana iya jawo jinkiri.

Sai nauyi. Ba kya buƙatar ƙarfe. Ledar fiyawata ɗaya rabin kilo ce, da ita za ki fara: ki lanƙwasa gwiwar hannu ki miƙe, ki ɗaga gefe zuwa daidai kafaɗa, sau goma, kwana biyu a mako. Idan kin yi mako biyu hannun bai yi nauyi ba, bai ƙara girma ba, ki koma leda biyu a jaka, daga nan babbar robar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Idan kin yi fashin mako biyu saboda kemo ta kwantar da ke, ki koma baya ki sake hawowa. Da wannan ma'auni za ki auna aikin gida. Shara, tankaɗe, wanke-wanke, tsince shinkafa, duk ki koma musu yanzu, kina hutawa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, wato leda hamsin, kin ga nisan da ke tsakani. Jan guga da daka su ne na ƙarshe, domin fizga ce a kai a kai. Idan lokacinsu ya yi, ki fara da luguden minti biyu ki miƙa wa yara taɓarya.

Gumi kuwa abin da nake tsoro a cikinsa wuta ce da tururi, fiye da nauyi. Ƙuna a wannan hannu ba kamar ƙuna a ɗayan ba ce, kuma zafi mai yawa yana ƙara ruwan da ke zubowa cikin tsoka. Ki bar juye ganga da tsayuwa a bakin murhu ga wata. Ke ki riƙe awo da shanya da ciniki, sana'ar ba ta mutu ba.

Fata ita ce ƙofar da za ki tsare, domin matatan da ke kama ƙwayoyin cuta sun ragu. Idan hunturu ya shigo fata ta fara tsagewa, man kaɗanya ko basilin kullum bayan wanka. Gidan sauro. Hattara da ƙayar kifi wajen gyara. Duk yanka ko ƙarami ne, sabulu da ruwa nan take, a rufe. Gashin hammata kada ki sa masa reza, domin wurin yakan mutu bayan aiki, ki yanke ba ki ji ba. Almakashi ko ƙaramin injin aski ya wadatar. Lallen gargajiya ba laifi idan fata lafiya take, baƙin nan mai haɗin sinadari ne ke ƙona wasu. Zobe da awarwaro da hannun riga mai matsewa su koma hagu ko su hutu. A asibiti ki miƙa hannun hagu wajen ɗibar jini da ƙarin ruwa da awon hawan jini. Idan wata rana dole ta sa aka yi a dama kada hankalinki ya tashi, binciken baya-bayan nan ya nuna haɗarin bai kai yadda muke zato ba.

Abu ɗaya ne ba sassauci a kansa. Idan hannun ya kumbura, za a sami mai cewa mataccen jini ne, a kira wanzami. Kada a yi ƙaho, kada a yi tsaga, kada a yi sakiya, kada a gasa da ruwan zafi. Ruwan ba a wuri ɗaya ya taru kamar ƙurji ba, yana cikin tsoka ne kamar ruwa a soso, tsaga ba ta fitar da shi, sai dai ta buɗe wa cuta ƙofa. Mafi munin hannuwan da na gani a aikina, kusan duk da tabon aska suka zo. Haka ƙwayar sa fitsari da masu kemis ke bayarwa don kumburin ƙafa, ba ta maganin wannan.

Ki nemo tef ɗin tela yau. Ki auna kaurin hannu biyu a wuri uku: wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, santimita 10 sama da ita. A rubuta a littafi da kwanan wata, a maimaita duk bayan mako biyu da safe. Hannun dama dama can yakan ɗan fi hagu, shi ya sa awon farko ke da daraja. Idan wuri ya ƙaru da santimita 2, ko zobe ya fara kamawa, ko hannun yana miki nauyi kamar ba naki ba, ki je asibiti cikin makon. A wannan mataki safar matse hannu da aka auna daidai ke, da naɗin bandeji na musamman, da tausa mai laushi da masana ke koyarwa, suna iya mayar da shi. Wanda aka bari shekaru har fata ta yi kauri, sai dai lallaɓawa. Kada ki sayi safa a kasuwa da ka, wadda ta matse sama ta bar ƙasa tana ƙara ɓarna.

Wasu alamun ba sa jiran mako. Hannu ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar ɗari: asibiti a ranar, ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kumburin da ya zo farat ɗaya da ciwo yana iya zama gudan jini a jijiya. Kuma duk zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni kina kan kemo, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa lokacin da sojojin jini ke ƙasa, kada a ce maleriya ce a sayo magani a zauna. Asibitin Tarayya na Birnin Kebbi ko na Sir Yahaya sun fi kusa da ke fiye da jiran ranar ganin likita.

Ga sauran jiki, tafiya ta wadatar. Abin da ake so a kai shi ne minti 150 a mako, amma minti goma a tsakar gida da sanyin safiya farawa ce mai kyau, kuma tana rage kasalar kemo fiye da kwanciya. Ranakun amai da jiri ki huta. Idan an ce jininki ya yi ƙasa sosai, ko kina jin sabon ciwo a baya ko ƙugu da ba ya sauka, ki dakata sai likitanki ya duba. A watannin bazara, da rana ta take ki shiga inuwa, ki sha ruwa. Rage shan ruwa ba ya rage kumburi.

Inna kuma, kada ki yi musu da ita. Ki tafi da ita ranar kemo mai zuwa ta ji daga bakin likita, sannan ki damƙa mata tef ɗin da littafin, ta zama ita ce mai auna hannun ranar Juma'a duk bayan mako biyu.