Na sa sabon batir amma mota ta ƙi tashi da safe

Tambaya: Salam oga. Golf 3 ce da ni, ina lodin Gombe zuwa Bauchi. Na sa sabon batir amma in ta kwana sai an tura, kuma fitilar batir tana kamawa a dashbod. Altanato mai cajin batir ne ya mutu ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam direba. Kar ka yi saurin sayen wani altanaton, a gwada tukuna. Ka je wajen mai rewaya da ke da mitar auna wuta, a ɗora a kan batir mota na kashe, lafiyayyen batir zai nuna wajen bolt 12.4 zuwa 12.6. Sai a tayar da ita, ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5, a kunna ful layit da fanka a ga ko zai riƙe. In ya tsaya a 12 ko yana sauka, to altanaton ba ya caji. In kuma ya wuce 15 katawut, wato abin da ke daidaita ƙarfin cajin, shi ne ya lalace, yana dafa maka batir, har za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Ba ya caji ba yana nufin ya mutu ba fa. Fara duba fanbel, in ya saki ko yana ƙara da safe a ɗaure ko a canza. Sai kan batir da wayar bodi da fiyus. Bayan nan burushin da ke cikin altanato, shi ya fi cinyewa, ga ƙurar hunturu ga baƙin mai da ke ɗiga daga saman inji ga yaran wankin mota da ke watsa ruwa ciki ba ruwansu, kuma canza shi ba tsada. In kana jin gurnani daga altanaton boris ɗinsa ne.

Amma zancen kwanan nan da ka yi, ni dayod nake zargi, wato ƙananan abubuwan da ke cikin altanato masu hana wuta komawa baya. In ɗaya ya ƙone, altanato na iya yin ɗan caji da rana, da dare kuma ya riƙa zuƙe wutar batir a hankali. Haɗa wayar jam a juye na cikin abubuwan da ke ƙona shi. Ka cire kan batir na negatif da dare, in da safe ka mayar ta tashi tsaf, to akwai mai shan wuta, sai mai rewaya ya cire wayar altanato ya auna.

Don Allah kar ka yarda a cire kan batir mota na aiki wai gwaji, wutar na iya tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota. Kuma in sai an canza, ko Beljiyam za ka saya a ɗaura a auna a gabanka kafin ka biya.