Jitata tana ƙugi: in canza fikof ne?

Tambaya: Ina da jita mai lantarki samfurin Stratocaster, amma ba ta kamfanin Fender ba ce. Muna wasa a wuraren biki da janareta, kuma da zarar na ƙara murya sai ƙugi ya rufe kiɗan. An ce in sayi fikof (na'urar maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiya tana ɗaukar sautinta) mai naɗin waya biyu. Wanne zan saya? Daga wani makaɗi a Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka kashe ko sisi, gano inda ƙugin yake fitowa. Kunna amfilifaya ka ɗora hannu kan tsirkiya. In ƙugin ya ragu, wayar ƙasa da ke haɗe da jakin jitar, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jitar, tana aiki. In ya ƙaru, an juya wayoyin soket ɗin jitar ne, inda ake cusa wayar amfilifaya. In kuwa bai canza ba, duba ko wayar jakin ta tsinke. Gyaran waɗannan biyun dalma ce kawai, ba ruwansu da fikof. Sannan ka sa makunnin zaɓi, mai zaɓar wanda zai yi aiki cikin fikof ukun jitar, a matsayi na 2 ko na 4. A yawancin irin waɗannan jitoci fikof na tsakiya naɗinsa da maganaɗisunsa a juye suke, don haka ƙugin yakan ɗauke a nan. In ya ɗauke, to laifin na fikof mai naɗi ɗaya ne, wanda ɗabi'arsa ce ya kwaso ƙugin wutar lantarki mai bugu 50 a daƙiƙa.

Mai naɗi biyu shi ne maganin wannan. Seth Lover ya ƙera shi a kamfanin Gibson, ya fito a kan jitar Les Paul a 1957: naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan. Amma akwai abin da za ka rasa. Muryarsa ta fi kauri da duhu, kuma wannan kaifin da ake so a salon jitar Agadas yana raguwa. In kaifin ne abincinka, nemi masu naɗi biyu da aka yi daidai girman mai naɗi ɗaya, kamar Fender Noiseless ko DiMarzio Area. Suna shiga ramin da kake da shi ba tare da an sassaƙe katako ba. Babban mai naɗi biyu kuwa sai ka kwance farantin roba ka ga ko ramin zai ɗauke shi, kuma dole ka sayi sabon faranti.

Kada adadin da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Mai naɗi ɗaya yakan nuna kimanin kilo-om 6 (ma'aunin turjiyar waya) a mitar awon lantarki, mai biyu irin na da kimanin 8, masu zafi har 16. Yawan lamba ba inganci ba ne. Galibi ƙarin ƙarfi ne da raguwar kaifi. Ga mai kiɗan biki, masu zafin nan asarar kuɗi ce.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne bolum, wato maɓallin ƙara murya na jitar, wanda shi ma da kilo-om (k) ake auna shi. Mai naɗi ɗaya yana tafiya da na 250k, babban mai naɗi biyu yana son 500k. Ka bar masa 250k sai muryar ta toshe, ka ɗauka jabu aka sayar maka. Masu batir irin na EMG kuwa 25k suke buƙata, da batir mai bolt 9 da soket mai ƙafa uku. Auna kuma tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida a wajen jaki: a irin jitarka takan kai milimita 52 zuwa 53, alhali wasu fikof an yi su ne don 49 ko 50.

Launin waya bai zama ɗaya ba tsakanin kamfanoni, don haka bi zanen da ya zo a kwalin. In ka haɗa sabo da tsoho ka ji muryar ta sirance a matsayi na 2 ko na 4, musanya wayoyin sabon. Bayan an ɗaura, danna tsirkiya a ƙarfen wuya na ƙarshe, ka bar kimanin milimita 2.4 tsakaninta da fikof a gefen masu kauri, 2 a gefen sirara. In ya matso fiye da haka maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiyar, sautin ya dinga rawa.

Janareta kuma: in amfilifaya ba ta da wayar ƙasa, ƙugi ba zai ƙare ba ko da wane fikof ka sa, kuma tsirkiya tana iya jan ka da wuta. Sa mai gyaran lantarki ya kafa sandar ƙasa ya haɗa ta da janaretan, kuma kada ka yarda a cire ƙafa ta uku ta filogi.