Malamin Ingilishi daga Maradi yana son tafiya Sifaniya: ta wace ƙofa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin Ingilishi ne ɗan kwantiragi a wata kwaleji nan Maradi, shekara shida ke nan ina riƙe da alli, kuma ina da lisans. Ina yawan ganin bidiyon samari da 'yan mata Amurkawa da suka tafi Sifaniya suna koyar da Ingilishi, suna koyon Sifaniyanci, kowa na cewa tafiyar ta sauya masa rayuwa. Ni ma raina ya biya. Shin mai fasfon Nijar zai iya? Sifaniyanci zai yi wa wanda ya iya Faransanci wuya? Kuma wannan sauyin da ake faɗa gaskiya ne ko daɗin baki?
Daga wani malami, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da ɗacin, mu zo kan zaƙin daga baya. Ƙofar da waɗancan yaran na bidiyo suka bi ba taka ba ce. Yawancinsu sun shiga ne ta wani shiri na ma'aikatar ilimin Sifaniya da ake kira auxiliares de conversación, wato mataimakan malami wajen hira da ɗalibai. Ana tura mutum makarantar gwamnati daga Oktoba zuwa Mayu ko Yuni, ya yi awa 14 zuwa 16 a mako, a ba shi tsakanin Yuro 800 zuwa 1000 a wata, gwargwadon jihar da ya faɗa. Shirin na 'yan ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da Sifaniya ne, irin su Amurka, Kanada, Ingila da Ostireliya. Nijar ba ta cikin jerin. Duk wanda ya tare ka a WhatsApp ya ce ka turo masa jikka kaza ya saka sunanka, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko dala.

Kuma ka daina juya kuɗin nan zuwa Sefa kana lasar leɓe. Gaskiya ne Yuro ɗaya ya kai kusan Sefa 656, saboda haka Yuro 1000 ya kai jikka 655 da ɗoriya, kuma na san abin da hakan ke nufi ga ɗan kwantiragi. Amma a Madrid ko Barcelona ɗaki ɗaya a gidan haɗaka yana iya lashe rabin kuɗin kafin ka sa loma a baki.

Ƙofofin da suka rage maka kaɗan ne, amma na gaske ne. Wadda ta fi faɗi ita ce ta karatu: ka nemi gurbin mastar a wata jami'ar Sifaniya, ka nemi biza a ofishin jakadancinsu da ke Yamai. Tun 2022 ɗalibin jami'a na iya yin aiki har awa 30 a mako, kuma nan ne koyar da Ingilishi ke shigowa, a makarantun harshe na yamma da suke kira academia. Sai dai za su so su ga kana da abin riƙe kanka, kimanin Yuro 600 na kowane wata da za ka yi, wato jikka 394 ko kusa da haka, ban da kuɗin makaranta da inshorar lafiya. Difulominka kuma sai an tabbatar da su an kuma fassara su ta hannun mai fassara da hukumarsu ta yarda da shi. Ka tanadi kaziye, domin a can ba a barin mutum ya yi aiki da yara sai ya nuna takardar cewa bai taɓa laifin lalata da ƙananan yara ba. Akwai kuma ƙasar da mutanenmu ke mantawa da ita, Gini Ikwatoriya, wadda Sifaniyanci ne harshen hukumarta, kuma kamfanonin mai sun sa Ingilishi ya yi daraja a Malabo da Bata. Ita ma sai da biza da kwantiragi a hannu. Zancen bi ta Agadas ko kwalekwalen da ke tsallaka teku zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya kuwa, kai malami ne, ba sai na faɗa maka ba. Wanda ya shiga ba takarda ba aji zai samu ba, gonar tumatur zai samu.

Abin da zai fi ƙona maka rai shi ne kalmar nativo, wato wanda Ingilishi ne harshen uwarsa. Ni kaina na taɓa shiga wata makarantar harshe a can neman aiki, da takarduna cikin jaka. Matar da ke ɗaukar malamai ta saurare ni minti goma muna Ingilishi, tana gyaɗa kai, har ta fara lissafa mini ranakun aiki. Da na miƙa fasfo sai ta juya shi, ta dubi bangon, ta ce iyayen yara sun fi son wanda aka haifa da harshen. Na fito na zauna a bencin bakin titi, ga sanyi, ga yunwa, ina jin kamar in koma gida ranar. Maganin wannan shi ne takardar da ba a musu da ita. CELTA, takardar ƙwarewar koyar da Ingilishi ta jami'ar Kambirij, ita ce aka fi girmamawa: kwas ne na kusan awa 120, mako huɗu ko biyar in ka ba shi duk lokacinka, da awa 6 na koyarwa a gaban masu duba ka, kuma ba a tambayar inda aka haife ka, ƙarfin Ingilishinka kawai ake aunawa. Kuɗinsa ya haura Yuro 1000. Takardun TEFL, wato na koyar da Ingilishi ga waɗanda ba harshensu ba ne, masu araha da ake tallatawa a intanet kuwa, ka duba ko akwai koyarwa ta zahiri a ciki, in babu, ado ne kawai.

Kada kuma ka je kana kwaikwayon Ba'amurke. Jarinka daban ne. Kai da gumi ka koyi Ingilishi, ka san inda ɗalibi ke tuntuɓe domin kai ma nan ka faɗi, abin da wanda ya tsotso harshen a nono ba zai iya bayyanawa ba. Ga Faransanci, wanda shi ma ana koyar da shi a makarantun Sifaniya. Ga shekara shida a gaban aji mai cunkoso irin namu. Wanda ya riƙe ajin Maradi cikin zafin Afrilu, yara goma sha biyu a ɗaki mai iska ba za su gagare shi ba.

Yanzu ga zaƙin. Sifaniyanci zai zo maka da sauƙin da Amurkawan nan ba su samu ba. Shi da Faransanci uwa ɗaya ta haife su, wato Latin, saboda haka jinsin suna da jujjuya aikatau ba baƙi ba ne a wurinka. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, ana faɗarsu yadda Bahaushe ke faɗa, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Harafin r mai kaɗawa na kalmar perro, wato kare, da Turawan Ingila ke shekara suna fama da shi, kai ka riga ka iya tun kana yaro. Sannan za ka yi ta karo da 'yan'uwa a hanya, saboda Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar dubban kalmomin Larabci. Magajin gari shi ne alcalde, tushensa ɗaya da alƙali. Hasta ita ce hatta. Taza, kofin shayi, 'yar'uwar tasa ce. Azúcar sukari ne. In Basifaniye yana fata ya ce ojalá, sunan Allah ne a bakinsa ko bai sani ba.

Inda za ka sha wuya wuri uku ne. Na farko p da f. Mu Hausawa ba mu raba su ba, ballantana ku Maradawa da kuke cewa hwara da hwaɗi. Na taɓa shiga shago ina neman batir, wato pila, na ce fila, wato layi. Tsohon mai shagon ya nuna mini bayan mutane uku da ke tsaye ya ce ga shi nan. Ka ɗauki takarda ka riƙe gaban leɓenka kana maimaita su har bakinka ya saba. Na biyu, tarkon Faransanci. Salir a can fita ce, ba ɓata abu da dauɗa ba. Subir hawa ne. Entender fahimta ce, ba ji da kunne ba. Sai kuma ser da estar, aikatau biyu inda Faransanci ke da ɗaya: na farko don abin da mutum yake, na biyu don halin da yake ciki ko inda yake. Wannan zai ci maka watanni.

Shawarata ka fara koyo tun kana Maradi, kada ka jira sai ka sauka. Minti 30 kullum bayan asuba ya fi awa biyar ranar Lahadi. Duolingo, manhajar koyon harshe ta waya, zai buɗe maka baki amma ba zai kai ka ba. Ka haɗa da labaran RTVE, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Sifaniya, ka kuma nemi abokin musayar harshe a intanet, ka ba shi Faransanci ya ba ka Sifaniyanci. Ka sa wa kanka buri na jarrabawar DELE ta auna Sifaniyanci, mataki B1, wato matsakaici. Cibiyar Cervantes, mai yaɗa harshen Sifaniyanci a duniya, ce ke shirya ta, kuma tun 2021 tana da reshe a Dakar, ban da waɗanda ke Maroko da Aljeriya.

Sauyin rayuwa kuwa gaskiya ne, sai dai ba ya kama da hoton bidiyo. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ba a cika faɗin cewa tana fara buɗewa ne da ƙasƙanci ba. Kai da ake ce wa mushe, yara na miƙewa in ka shigo, za ka tsinci kanka ba ka iya tambayar kuɗin burodi ba. Ɗalibanka 'yan shekara goma za su kira ka da sunanka gatsau, ko su ce profe, wato malam a taƙaice, suna yi maka magana kamar tsaransu, kuma ba raini ba ne, haka tarbiyyarsu take. Za ka gai da maƙwabci kana shirin tambayar iyali da gajiya, ya ce hola, wato sannu, ya wuce. Abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare ƙarfe tara ko goma, kuma naman alade na ɓuya har cikin miya da biskit, saboda haka sin cerdo, wato ban da naman alade, na cikin kalmomin farko da za ka haddace. Azumi kai kaɗai a ɗaki, ba kunu ba mai kiranka buɗa baki, shi ne abin da ya fi yi mini nauyi, fiye da sanyi. Ni dai abin da na dawo da shi wanda ya fi kuɗi amfani shi ne na daina yi wa ɗalibin da ya yi shiru tsawa, domin na ɗanɗani yadda amsa ke tsaya wa mutum a maƙogwaro alhali ya san ta.

In kana da iyali, ka zauna da su tun yanzu a yi lissafin wanda zai riƙe gida, domin shekarar farko da wuya ka aiko da wani abin kirki. Kuma kada ka ajiye aikinka sai biza ta shiga fasfo. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta sa Ingilishi ya zama harshen aiki tare da Faransanci, allin da ke hannunka ya ƙara kuɗi a nan gida ma. Ka rubuto mini bayan wata shida da 'yan layuka biyar cikin Sifaniyanci, in duba maka ser da estar.