Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan karkasa matakan gyara a asibiti

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an yi wa wani yaro allurar da ba tasa ba a sashenku, majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashe, ya ɗora miki rubuta rahoto tare da karkasa matakan gyara, kin rasa ta inda za ki kama. Allah ya ba yaron lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara a Marwa, bari in faɗa miki abin da na gani.

Ki fara raba abu biyu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba su a tsarinta na 2009: abin da aka yi wa wanda kuskuren ya shafa (magani, sa ido, gaya wa iyaye gaskiya), da abin da aka yi don kada a maimaita. Na biyun ne ake karkasawa, a ba kowane mataki daraja gwargwadon ƙarfinsa.

Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka sun kasa shi gida uku: mai ƙarfi, matsakaici, mai rauni. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane mataki: in ma'aikaciya ta kai ƙarfe uku na dare ita kaɗai, ga yara cike da ɗaki a daminar zazzaɓi, wannan matakin zai tare ta, ko sai ta tuna da shi? Duk wanda sai an tuna, mai rauni ne. Nan faɗakarwa take, da takardar da ake mannawa a bango, da sake horo, har da "mutum biyu su duba". Matsakaici shi ne wanda ke taimakon ƙwaƙwalwa, irin takardar jerin abubuwa 19 da ake dubawa a wajen tiyata, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, ko maimaita wa likita umarninsa da baki, ko raba magunguna masu kama da juna. Mai ƙarfi kuwa yana hana hannu kaiwa ga kuskuren ne gaba ɗaya.

Wani dare wata abokiyar aikina ta fasa kwalbar fotasiyom ta zuƙe a sirinji, tana zaton ruwan haɗa allura ne. Duka ƙananan kwalabe ne na mililita 10, ruwan ciki fari tas, rubutun kamar ƙafar kiyashi, ga wuta an ɗauke, da fitilar waya take aiki. Allah ya sa ta ƙara haska kwalbar kafin ta taɓa yaron. Fotasiyom in ya shiga jijiya ba a tsarma shi ba, zuciya yake tsayarwa. Aka yi taro, aka rubuta "a faɗakar da ma'aikata", kowa ya sa hannu. Ba a rufa wata huɗu ba wani ɗan koyo ya kusa yin irinsa, shi da bai ma zo ba lokacin taron.

Sai muka kwashe fotasiyom daga kabad ɗin sashe kacokan, ya koma farmasi, sai da takardar likita, wannan shi ne mataki mai ƙarfi. Ingila ta ba asibitocinta irin wannan umarni tun 2002. Amma mu a nan akwai wata kafa: 'yan jinya ke sayo magani a waje, su kawo a leda su ajiye ƙarƙashin gado. Ta nan ya riƙa dawo mana. Dole muka ce duk leda ta biyo ta teburin majo, a cire shi a kulle. Wannan kam a matsakaici na sa shi, don har yanzu mutum ne ke buɗe ledar.

A rahotonki, kowane mataki ki rubuta darajarsa, da wanda zai yi, da ranar da za a koma a duba. In kika ga duka masu rauni ne, ki koma wa majo ku nemo ko da matsakaici ɗaya. Takardar gargaɗi ga wadda ta yi allurar kuma kada ki sa ta a jerin gyara, ta ofishin ma'aikata ce. Wane magani ne aka rikita a wajenku, kuma a ina ake ajiye shi?