Amsa ga yarona kan nauyin gashin dada

Ka tambaye ni dalilin da ya sa gashin dada yake ƙara kauri da nauyi bayan shekara biyu ko uku, alhali yawan gashin mutum bai ƙaru ba. Da kana sa ido kan abin da hannuna yake yi maimakon latsa waya, da ka gane da kanka, amma zan amsa maka.

Kowane mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a kullum, kuma wanda yake taje kai, mataji ne ke kwashe su. Mai dada ba ya taje kai, saboda haka duk silin da ya rabu da fata yana nan maƙale a cikin igiyar, ya cuɗe da sauran, ga shi kuma gashi yana ƙara tsawon kimanin santimita ɗaya a wata. Igiyar tana ta yin nauyi, amma gindin da ke ɗauke da ita yana nan daidai faɗin da ka tsaga ranar farko. Wanki da murɗawa kuwa ba zan ɓata bakina a kansu ba.

Wannan magana ce ta jawo mini asarar da har yau take ci mini rai. Wani matashi mawaƙi ya zo yana son igiyoyi sirara irin waɗanda yake gani a waya. Na duba gashin goshinsa na ga ba shi da ƙarfi, sai na yi masa tsaga mai faɗi a gaba, na kuma faɗa masa dalili. Ya biya rabin kuɗi, ya ce zai kawo ciko. Ashe wurin wani ya koma, aka raba na gaban gida biyu, aka ɗaura masa gashin kanti don ƙarin tsawo, aka cika su da kakin zuma, ana kuma murɗa su kowane mako. Ƙurar hunturu ta manne a kakin, kuma idan ya wanke kai igiyoyin su sha ruwa su ƙi bushewa har su yi wari. Gindi siriri ya kasa ɗaukar wannan kaya, na gaban suka fara faɗuwa, goshi ya kwaile.

Sai ga shi a shagona da abokansa yana ɗaga murya wai ni na lalata masa kai, bayan ya riga ya sa hoton a Facebook. Na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi na tsaga ta da reza a gabansu, cikinta dam da kaki da zaren tawul kamar daskararren kitse. Babu wanda ya ɗauki hoton wannan a cikinsu. Cikon kuɗina ya tafi, masu zuwa wurina da dama suka ɗauke ƙafa.

Yaran yanzu tsawo suke so tun ranar farko. Gobe idan wani mai son sirara ya zo, ka fara duba gashin goshinsa da na gefen kunne, kuma ka karɓi kuɗin aiki cif kafin ka taɓa kansa.