Amsa kan tsatsar ganyen alkama da bambancin iri

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi dalilin da ya sa irin alkamar da aka ce maka ba ya kamuwa da tsatsa ya kamu a gonarka, alhali na maƙwabcinka ƙalau. A cikin birnin Kano nake zaune, amma na daɗe ina noman rani a Kadawa, kuma abin nan ya taɓa ci min tuwo a ƙwarya.

Wata shekara na sayo iri a kasuwa, mai shi yana ta rantsuwa cewa a inda aka kawo shi bai taɓa yin tsatsa ba. Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma da alkamar ta fara fitar da kai, sai ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa-ƙasa a saman ganye, in ka shafa garin ya manne maka a yatsa. Tsabar ta motse, buhun ba nauyi.

Wani malamin gona ne ya warware min. Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira Puccinia triticina, dangi-dangi ce, kamar mabuɗai. Kowane irin alkama kuma da kwaɗon da ya gada, ana sa musu lamba da Lr. Idan dangin da ke yankinku ba ya buɗe wannan kwaɗon, sai a ce iri yana da juriya. Kai shi inda wani dangin yake, ko iska ta kwaso sabo daga nesa, shi ke nan. Haka aka yi da Lr26: an baza shi a ƙasashe da dama har cutar ta sauya ta karya shi. Shi kuwa Lr34 ba ya hana tsatsa ɗungurungum, rage mata gudu yake yi, ya kuma daɗe yana aiki. Ni irin wannan na fi yarda da shi.

Mu nan bushewar hunturu tana taimakonmu, domin sai ganye ya kwana da raɓa cutar take shiga. Wanda ya makara da shuka har ya wuce tsakiyar Disamba ya fi shiga haɗari.

Ka tambayi maƙwabcin sunan irinsa da ranar da ya shuka. Baɗi kuma ka nemi wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta gwada a ƙasarmu, ka raba gonar gida biyu da iri daban-daban. Bana dai, in tsatsar ba ta kai ganyen ƙarshe na sama ba, ka kira malamin gona ya duba ko feshi zai yi amfani.